MA'AUNIN 'YAN'UWA: Waƙa da Sharhi a Kan Cewa Yawan Mabiya Ba Hujja Ba Ne

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Godiya ta tabbata ga Ubangijin da Ya yi wa ɗan Adam baiwar hankali, Ya saukar masa da Littafi domin ya zama haske ga hankalin nan. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, wannan 'yar waƙa ce tare da sharhinta, zuwa ga 'yan'uwa mazauna zangunan Salga da Yandi da Bawku, da duk wanda ta isa hannunsa. Dalilin yin ta shi ne wata kalma da ta yawaita a bakunanmu, a masallaci da kasuwa da zawiya, watau "ai kowa haka ya ce." Muna roƙon Allah Ya sa ta amfani mai yin ta tun kafin mai karanta ta.

FASALI NA FARKO: Bayanin cutar

1. Da sunan Ta'ala nake fara zance,
Gwani Mai iyawa, Karimi na kowa.

2. Salati ya dauwama gun Annabinmu,
Da alai, sahabbai, da masu biyawa.

3. Ku saurara Salga da Yandi da Bawku,
Nasiha na ɗauko gare ku 'yan'uwa.

4. Akwai wata cuta da ta kama birni,
Kirarinta: "Ai haka ne, in ji kowa."

5. Idan ka buƙaci dalili a ba ka,
A ce, "Ba ka ga jama'a ba da yawa?"

SHARHI: Ka sani, ya ɗan'uwana, Allah Ya yi mana rahama da ni da kai, tambaya biyu ce mutane suke cakuɗawa. Ta farko ita ce, shin wannan magana gaskiya ce? Ta biyu kuwa, mutum nawa ne suka yarda da ita? Wanda aka yi masa ta farko ya amsa ta biyu, ya yi kamar mai awo da aka ce ya auna gero, sai ya shiga ƙirga masu saye.

Malamanmu na ilmin manɗiƙi sun daɗe da rarrabe wannan. A cikin Sullamu na Shehu Abdurrahman Al-Ahdari, wanda ya rayu a ƙarni na 10 na Hijira, an kasa hujjar hankali gida biyar: burhani, da jidali, da huɗuba, da waƙa, da safsaɗa, watau ruɗu. Burhani kaɗai ke haifar da yaƙini, domin shi ake ginawa a kan abubuwan da suka tabbata. Abubuwan da suka shahara a bakin mutane kuwa, masu sharhi sun ajiye su a gidan jidali, inda ake nufin a rufe bakin abokin gardama kurum. Da shahararren zance kana iya ka da mutum a majalisa, alhali kuwa shi ne mai gaskiya. Har waƙar nan da kake karantawa, kada daɗin kari ya sa ka karɓe ta. Auna ta da dalilan da ke ƙarƙashinta.

FASALI NA BIYU: Shaidar Littafi da Sunna

6. Yawa ba shi wanke maƙaryacin zance,
Kamar gawayi ne, a kai shi ga ruwa.

7. Tuna Annabi Nuhu da tsawon kiransa,
Kaɗan suka hau jirgi, saura nutsewa.

8. Tuna ran Badar, ɗari uku da 'yan kai,
Suka kori dubu da ikon Mai iyawa.

9. Tuna ran Hunaini, yawa ya yi ruɗi,
Sai ga runduna tana tarwatsewa.

10. Tuna ran husufi da ɗan Manzo ya ƙaura,
Abin da gari ya ce, ya tashi gyarawa.

SHARHI: A cikin Suratul An'ami, aya ta 116, Allah Ya gargaɗi Manzonsa game da biyar mafi yawan mazauna ƙasa, Ya kuma bayyana dalili, shi ne cewa zato suke bi da kintace. Ka lura da wannan dalili ƙwarai. Aibin yana ga zaton, kuma zato ko an tara shi dubu bai zama yaƙini ba. A Suratul Ma'ida, aya ta 100, an sanar da mu cewa mummuna da kyakkyawa ba su daidaita, ko da yawan mummunan ya ƙayatar da mai kallo. A Suratuz Zuhrufi kuma, aya ta 22 da ta 23, an zargi masu kafa hujja da abin da suka tarar iyayensu suna yi. Wannan ma yawa ne, sai dai yawan waɗanda suka shuɗe.

Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya zauna cikin mutanensa shekara 950, Suratu Hudu kuwa ta shaida 'yan kaɗan ne suka yi imani tare da shi. A Badar, shekara ta 2 bayan Hijira, Musulmi 313 ne ko kusa da haka, abokan gaba kuwa wajen 1,000. A Hunaini, shekara ta 8, lissafi ya juya, Musulmi suka fita su 12,000, har waɗansu suka ji a ransu ba mai iya ka da su. Da Hawazinawa suka yi musu kwanton ɓauna a cikin kwari, sai sahu ya watse, Manzon Allah ya tabbata tare da 'yan kaɗan, sa'an nan nasara ta sauko. Suratut Tauba, aya ta 25, ta ajiye mana wannan darasi: ko masu gaskiya, ranar da suka jingina da yawansu sai da aka ladabtar da su.

Baiti na 10 shi ne mafi girma a wannan fasali. A shekara ta 10 bayan Hijira, ranar da Ibrahimu ɗan Manzon Allah ya rasu, rana ta yi husufi a Madina. Mutane suka ce saboda mutuwar yaron ne. Dubi wannan magana da kyau. Ta bazu, masoya ne suka faɗe ta, kuma girmamawa ce gare shi. Da wani ne daga cikinmu, da ya yi shiru ya bar ta ta ƙara masa daraja. Amma shi, sallallahu alaihi wa sallama, yana cikin zafin rashin ɗa, ya tashi ya sanar da su cewa rana da wata ayoyin Allah ne, husufinsu bai rataya da mutuwar wani ko rayuwarsa ba. Buhari da Muslimu sun ruwaito wannan. To, wanda ya ce yana son Annabi, ya koyi ƙin ƙaryar da take yabonsa kamar yadda yake ƙin wadda take zaginsa.

FASALI NA UKU: Abin da ya faru a Salga

11. A Salga ta Gwanja, uwar kasuwar goro,
Garin rijiyoyi, masaukin Hausawa,

12. Da yaƙi ya ci ta, Nasara ya sauka,
Zukata suka kaɗu, babu natsuwa.

13. Sai ga wani Musa da 'yan rakiyarsa,
Batun Mahadi ya cika kunnuwa.

14. Na baya yana bin na gaba a makance,
Na gaba yana murna da ganin ƙaruwa.

15. Umaru na Karachi ya ɗauko ma'auni,
Bai ƙirga kawuna ba, sai dai aunawa.

16. Ina Musa yau, ina taron da ya tara?
Tawadar malam ce ba ta gogewa.

SHARHI: Ba sai mun tafi nesa neman misali ba, ga shi a ƙofar gidanmu. Kakanninmu fatake sun san Salga tun tana cibiyar cinikin Gwanja, ayari na zuwa daga Kano da Katsina da tufafi da kanwa da fatu, yana komawa da goron Asante. A 1874 Turawan Ingila suka ci Kumasi, hanyar goro ta soma kaucewa. A 1892 yaƙin basasa ya tashi a kan sarautar Kpembe, Salga ta watse, mutanenta suka nufi Yeji da Kintampo da Karachi. A 1896 Jamusawa suka karya rundunar Dagomba a Adibo, suka shiga Yandi. A 1899 Ingila da Jamus suka raba ƙasar a tsakaninsu, Yandi ta faɗa hannun Jamus, Salga hannun Ingila. A 1903 kuma labari ya iso cewa Kano da Sakkwato sun faɗi, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada a Burmi.

Ka ƙiyasta zuciyar Musulmi a wannan zamani. Kasuwa ta mutu, sarauta ta karye, baƙon da ba ya salla shi ke hukunci. Duk wanda ya ce ƙarshen zamani ya zo, zai sami masu saurare. Cikin haka, a shekara ta 1322 ta Hijira, daidai da 1904 zuwa 1905, wani mutum mai suna Musa ya bayyana tare da abokan tafiyarsa, sha'aninsa ya iso Salga, zancen Mahadi ya yaɗu game da shi.

Baiti na 14 ya bayyana yadda irin wannan taro yake kumbura. Na goma ya shiga domin ya ga tara a gabansa. Na ɗari ya shiga domin ya ga casa'in da tara. Su kuma na farko, da suka waiwaya suka ga ɗari a bayansu, sai shakkarsu ta gushe, suka ce lalle muna kan daidai. Kowa ya jingina da kowa, ba wanda ya jingina da dalili.

A lokacin akwai Malam Umaru ɗan Abubakar, haifaffen Kano, asalinsa Kabi, wanda ya zauna Salga, bayan yaƙin ya koma Karachi, ya yi limanci da karantarwa a can har ya rasu a 1934. Shi ne aka sani da Alhaji Umaru Karachi. Ya san zafin abin da ya sami mutane, domin shi kansa ya yi ƙasidu a kan rushewar Salga da zuwan Nasara. Duk da haka bai bi guguwar ba. Ya yi ƙasida da Larabci a kan sha'anin Musa, ya ƙi da'awar. Malami yana da abin aunawa a wannan babi, domin hadisai sun siffanta Mahadi: daga gidan Annabi yake, sunansa ya dace da sunan Annabi, kuma zai cika ƙasa da adalci. Yawan masu bi ba ya cikin siffofin. Mahadi bai bayyana a shekarar nan ba, taron ya wuce, rubutun malam ya saura ana karanta shi.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya riga shi ga wannan tafarki. Waɗansu daga cikin jama'arsa sun yi zaton shi ne Mahadi, sai ya kore wa kansa wannan a rubuce, ko da yake yarda da ita da ta ƙara masa mabiya. Kuma ka tuna Satiru, kusa da Sakkwato. A 1906 talakawa suka tashi a can a ƙarƙashin tutar Mahadiyya, suka yi galaba a karon farko, mutane suka ce alama ta tabbata. Cikin watan Maris aka rushe garin, aka kashe wajen mutum 2,000. Zaluncin Nasara a wannan rana abu ne tabbatacce, Allah Ya ji ƙan waɗanda aka zalunta. Amma kasancewar mutum abin zalunta bai mai da da'awar da ya bi gaskiya ba.

FASALI NA HUƊU: Amsar wata shubuha

17. Kada ka ce, "To, ina tawaturi ke nan?
Ina ijma'in malamai masu ganewa?"

18. Tawaturi shaidu ne, idonsu ya gane,
Dabam da amon baki guda mai yaɗuwa.

19. Dubu in suka ɗebo a rijiya ɗaya,
Ruwan ɗaya ne, tulunan ne da yawa.

20. Idan aka ce an ga wata, ka tambaya:
Wane ne ya gan shi? Ina mai shaidawa?

21. Shi ijma'i aikin masu ijtihadi ne,
Ba a ƙulla shi a rumfunan kasuwa.

22. Idan ba ka san hanya ba, nemi masani,
Makafi ɗari ba su yi maka nunawa.

SHARHI: Mai hankali zai ce, "Malam, ai da yawan maruwaita Alƙur'ani ya iso mana, kuma ijma'i hujja ne. Yaya za ka ce yawa ba kome ba ne?" Tambaya ce mai kyau, ga amsarta.

Tawaturi yana da sharuɗɗa. Na ɗaya, masu ba da labarin su kai yawan da al'ada ta hana su haɗa baki a kan ƙarya. Na biyu, yawan nan ya tabbata a kowane mataki, farkonsa da tsakiyarsa da ƙarshensa. Na uku, abin ya tuƙe ga gani da ido ko ji da kunne. Wanda bai taɓa zuwa Makka ba ya sakankance akwai ta, domin alhazai daga Bawku da Kano da Masar, waɗanda ba su san juna ba, kowannensu ya gan ta da idonsa. Jita-jita kuwa faɗinta a ƙarshe yake. Idan ka bi ta baya sai ka ga tana tsukewa, har ta tsaya a bakin mutum guda. Salga gari ne na rijiyoyi, mutanenta sun fi kowa sanin wannan: tulu dubu daga rijiya ɗaya, in rijiyar ta gurɓace, dukkansu sun gurɓace.

Dubi hukuncin ganin wata a mazhabar Imamu Malik. Yana tabbata da shaidar adilai biyu, ko da jama'a mai yawa waɗanda kowanensu ya ce shi ya gani. Mutum biyu da suka gani sun rinjayi gari guda da ya ji. Na taɓa kwana a wani zango daren shakka, bayan isha'i unguwa ta ɗauka an ga wata, yara har sun fara murna. Liman ya aiki almajirai biyu su bi zancen gida gida. Wannan ya ce daga maƙwabcinsa ya ji, maƙwabcin ya ce matarsa ce ta faɗa masa, matar ta ce a bakin famfo ta ji. Daga ƙarshe aka tarar da wani saurayi wanda ya ce shi dai cewa ya yi yana jin yau za a gani. Da safe gari ya cika talatin.

Ijma'i kuwa, a wurin malaman usulu, shi ne haɗuwar mujtahidan al'umma na wani zamani, bayan wafatin Annabi, a kan wani hukuncin shari'a. Ƙarfinsa daga iliminsu yake da nassin da ya shaide shi. Ko cikin mazhabarmu malamai sun bambanta mashhuri da rajihi. Da yawansu sun fassara mashhuri da zancen da masu faɗinsa suka yawaita, rajihi kuwa wanda dalilinsa ya ƙarfafa. Da yawa da ƙarfin dalili abu guda ne, da ba su sanya musu suna biyu ba.

Idan ka ce, "Ni ba malami ba ne, ba ni iya auna dalili," to, Suratun Nahli, aya ta 43, ta umurce ka da tambayar ma'abuta sani. Ka zaɓi wanda aka san inda ya yi karatu, da wanda ya ba shi izini, da tsentseninsa game da dukiyar mutane. Mara lafiya likita guda yake nema, ba ya tara 'yan unguwa su ɗaga hannu a kan maganin da zai sha.

FASALI NA BIYAR: Zamaninmu

23. A yau ga waya ta shige aljihunmu,
Ƙarya kan kai Bawku kafin wayewa.

24. Dare ɗaya Gana ta kwana a fili,
Tsoron girgiza wadda ba ta da zuwa.

25. Jita-jita in ta sami gari da miki,
Wuta ce a ciyawa lokacin bushewa.

26. Ka riƙe yatsanka kamar harshenka,
Abin da ka aika, akwai ranar tsayuwa.

SHARHI: A zamanin ayari, labari kan yi watanni tsakanin Kano da Gwanja, a hanya ya gamu da masu tace shi. Yau kafin ka idar da alwala ya ƙetare ƙasa. Ran 12 ga Janairu, 2010, girgizar ƙasa ta rushe Haiti, duniya ta ga hotuna. Bayan 'yan kwanaki, daren wayewar 18 ga wata, saƙo ya bazu ta wayar hannu a Gana cewa ƙasa za ta girgiza. Dubban mutane suka fito daga ɗakuna da tsofaffi da jarirai, suka kwana a fili. Kowa ya leƙa ya ga maƙwabta a waje, ya ce ba za su fito a banza ba, su kuma maƙwabtan ganinsa ya ƙara musu tsoro. Gari ya waye lafiya, hukuma ta ce zancen ba shi da tushe. Masana ilmin ƙasa kuwa sun tabbatar ba mai iya faɗin dare ko sa'ar da girgiza za ta zo.

Wancan dare barci kawai aka yi hasara. Amma akwai inda hasarar rai ce. Mutanen Yandi sun san abin da ya auku a watan Maris na 2002, sa'ad da aka kashe Ya Na Yakubu Andani na Biyu tare da mutane masu yawa, da shekarun da aka ɗauka kafin a naɗa sabon Ya Na a Janairun 2019. Mutanen Bawku sun san rikicin sarauta da ya sha jawo zubar da jini da dokar hana fita da rufe kasuwa. Wannan littafi ba ya shiga tsakanin masu sarauta, ba hurumin mai waƙa ba ne. Abin da muke cewa shi ne, a gari mai irin wannan miki, kalmar "an ce sun kashe wane" ko "an ce suna tahowa" tana iya zama sanadin ran bawan Allah da bai san hawa ba bai san sauka ba. Suratul Hujurati, aya ta 6, ta wajabta bincike kafin aiki da labari, domin kada a cuci mutane cikin jahilci a wayi gari ana nadama. Muslimu kuma ya ruwaito a gabatarwar Sahihinsa cewa zantar da duk abin da mutum ya ji ya ishe shi zama maƙaryaci. Tura saƙo zantarwa ce. Zuwansa daga mutum ashirin bai sa ya zama shaida ashirin ba, sau da yawa rijiya ɗaya ce.

FASALI NA SHIDA: Gargaɗi ga kanmu

27. Ƙaranci shi ma kada ka mai da shi hujja,
Akwai ɓatattu 'yan kaɗan masu warewa.

28. Muridi, idan zawiya ta cika maƙil,
Ka gode wa Allah, ka daina ƙirgawa.

29. Idan gobe taron ya koma wajen wani,
Da me za ka tsaya, in yawa ne garkuwa?

30. Ka auna maza da ma'aunin gaskiya,
Kada ka auna ta da masu tafawa.

SHARHI: Shaiɗan yana da ƙofa biyu a wannan gida. Wanda ya tsere wa ta yawa, sai ya buɗe masa ta ƙaranci, ya ce masa, "Ku 'yan kaɗan ne, kowa yana ƙin ku, ashe ku ne mutanen jirgin Nuhu." Wannan ma ƙirga kawuna ne, an dai juya lissafin. Mutanen jirgi imaninsu ya tsirar da su. Hawarijawa 'yan kaɗan ne a zamanin Sayyidina Aliyu, ga yawan salla da karatu, amma suka halatta jinin Musulmi. Muhammadu Marwa, wanda aka sani da Maitatsine, ya ware da mabiyansa a Kano yana tsine wa sauran jama'a, fitinarsa ta watan Disamba 1980 ta ci rayuka fiye da 4,000. Saboda haka kada wani ya ɗauki wannan waƙa ya mai da ita sandar raina jama'a, ko ta fita daga sahun Musulmi. Lizimtar jama'a a salla da zumunci da zaman lafiya wajibi ne. Sau da yawa ma abin da mafi yawa suke kai shi ne daidai, sai dai dalilinsa ne ya sa ya zama daidai.

Yanzu kuma gare mu, ya 'yan'uwa ma'abuta zikiri. Nakan ji ɗan'uwa ana gardama da shi, sai ya ce, "Je ka dubi taron Mauludinmu, ka ƙirga motoci." Ya ɗan'uwana, ka ba abokin gardamarka wuƙar da zai yanka ka. Gobe in ya tara fiye da naka, sai ka bi shi ke nan? Akwai garuruwa a duniya da Musulmi duka ba su kai ɗaya cikin ɗari ba, shin Musulunci ya ɓaci a can? Shehunan tafarki na gaskiya sun yi wa almajiransu wasiyya da a auna duk abin da aka jingina musu da ma'aunin shari'a, abin da ya dace a riƙa, abin da ya saɓa a bari. Idan an tambaye ka dalilin wuridinka, kawo aya da hadisi a kan falalar istigfari da salati da hailala. In ba ka sani ba, ka ce, "Ban sani ba, mu je wurin malam." Wannan ya fi maka daraja a wurin Allah bisa ga nuna hoton taro. Haka kuma labarin karama, yawan masu ba da shi bai isa ba, sai an san wanda ya gani da adalcinsa.

RUFEWA

31. Tambaya uku ka ƙulle a haɓar riga:
Wa ya ce? Ya gani? Da me yake kafawa?

32. A kabari kai ɗaya za a zaunar,
"Na ji mutane sun ce" ba ta fitarwa.

33. Ya Rabbi Ka nuna mana gaskiya sarai,
Ka ba mu biyarta har ranar rasuwa.

34. Salati ga Ɗaha, da shi na cika ta,
Talatin da huɗu ga mai lissafawa.

SHARHI: Tambayoyin nan uku su ne guzurin da muke so ka fita da shi. Wane ne ya fara faɗin maganar? Shi da kansa ya gani, ko kuwa shi ma ji ya yi? Mene ne dalilinsa, in aka ɗebe yawan masu maimaitawa? Zancen da ya amsa ukun nan, karɓe shi ko daga bakin yaro ya fito. Wanda ya kasa, ajiye shi har ya bayyana, ba ka yi laifi ba don ka jinkirta.

Baiti na 32 yana nuni ga hadisin tambayar kabari da ke cikin Buhari. Mumini zai amsa da abin da ya sani ya kuma sakankance. Munafuki ko mai shakka kuwa zai kawo hanzarin cewa shi bai sani ba, ya dai ji mutane suna faɗin wani abu ya faɗa, kuma ba za a karɓa masa ba. Don haka ne malaman tauhidi, irin su Shehu Sanusi mai Ummul Barahina, suka tsananta a kan mukallafi ya san dalilin imaninsa ko da a dunƙule, kada ya tsaya ga kwaikwayo kawai. Masu rakiya komai yawansu a bakin kabari suke juyawa.

Allah Ya shiryar da mu, Ya shiryar da 'ya'yanmu, Ya zaunar da Salga da Yandi da Bawku da sauran garuruwan Musulmi lafiya, Ya ji ƙan malamanmu da iyayenmu. Abin da muka dace daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare mu, wanda ya gan shi ya gyara da dalili, Allah Ya saka masa da alheri. Allah Shi ne mafi sani.

Ta cika da godiyar Allah da kyakkyawan taimakonsa. Amin.